Wa ya koya wa na'ura zane?

A yau akwai na'urorin da in mutum ya rubuta musu ƴan kalmomi, kafin ya kurɓi shayi sau biyu sun fito masa da hoto. Ka rubuta raƙumi a bakin rijiya da almuru, sai ga raƙumi, ga rijiya, ga jan sararin almuru, alhali ba wanda ya riƙe alƙalami, ba kuma wanda ya je daji ɗaukar hoto. Wannan fasaha ita a ke kira ƙirƙirarriyar basira. Yawancin mutane a shekarar 2022 suka fara jin labarinta, har wasu na tsammanin a shekarar aka haife ta. To, abin ya girmi haka nesa. Shekara 60 ke nan masu zane suna aiki da kwamfuta, ko ordinatar kamar yadda ƴan lakwal ke cewa, wasu na ɗaukar ta kayan aiki, wasu na ɗaukar ta abokiyar aiki.

Za mu bi wannan tarihi da tambaya ɗaya a hannu: wa ya koya wa na'urar, kuma da aikin wa aka koya mata? Amsar jiya dabam ta ke da ta yau. A kan wannan bambanci ne rigimar masu zane ta tsaya, kuma rigimar ba za ta bar masu sana'ar hannu na ƙasarmu a gefe ba.

Daga masaƙa aka faro

A shekarar 1804, a birnin Liyon na ƙasar Faransa, wani mutum mai suna Joseph-Marie Jacquard ya fito da injin saƙa mai aiki da katuna masu huji. Kowane kati yana daidai da jeri ɗaya na saƙa. Inda akwai huji zare ya ɗaga, inda babu ya zauna. Sai a ɗinke katunan su zama doguwar sarƙa, injin ya yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya, furanni da ganyaye su fito a jikin tufa. Ku lura, injin bai san fure ba. Wanda ya huda katin shi ya sani.

Wani masanin lissafi na Ingila, Charles Babbage, ya ari dabarar katin domin wata babbar na'urar lissafi da ya tsara, ko da ya ke har ya mutu ba a ƙera ta ba. A shekarar 1843 wata mace masaniyar lissafi, Ada Lovelace, ta yi rubutu a kan na'urar, ta faɗi abu biyu. Na farko, in aka iya bayyana ƙa'idodin sauti da lissafi, na'urar za ta iya tsara kiɗa. Na biyu, na'urar ba ta ƙago komi da kanta, sai abin da muka san yadda za mu umarce ta da shi. Ku riƙe waɗannan maganganu biyu, gama har gobe a tsakaninsu a ke ta kai da kawowa.

Shekarar 1965

Sai da aka yi shekara fiye da 100 kafin a sami kwamfutar da za ta gwada maganar. A watan Fabrairu na 1965, a birnin Stuttgart na Jamus, wani masanin lissafi Georg Nees, ma'aikacin kamfanin Siemens, ya rataye wasu zane-zane a bango ya kira jama'a kallo. Layuka ne da kusurwoyi, baƙi a kan fari. Ya rubuta wa kwamfuta ƙa'idodi, ya bar mata wasu wurare ta zaɓi lamba kamar mai jefa ƙuri'a, wani inji mai riƙe alƙalami kuma ya ja layukan.

Masu zane na birnin sun zo. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi Nees ko na'urar za ta iya zane irin na hannunsa. Nees ya amsa masa da cewa za ta iya, muddin ya gaya masa dalla-dalla yadda ya ke yin zanen. Ran wasu ya ɓaci, suka fice. Amma amsar ta taɓa ainihin wurin, domin mai zane nawa ne zai iya faɗin yadda hannunsa ke aiki?

A wannan zamani kuma, a ɗakin bincike na Bell a Amurka, wani injiniya Michael Noll ya yi wani gwaji. Ya ɗauki wani zane na 1917 na shahararren mai zane Piet Mondrian, wanda gajerun layuka ne tsaye da kwance, ya sa kwamfuta ta yi mai kama da shi. Ya nuna wa mutum 100 zanen biyu. Mutum 28 kawai suka gane wanne ne na kwamfuta, mutum 59 kuma suka ce na kwamfutar ya fi yi musu kyau.

A birnin Paris akwai Vera Molnár, haifaffiyar Hungari a 1924. Ita tun ba ta sami kwamfuta ba ta mai da kanta na'ura. Sai ta kafa wa kanta ƙa'ida, ta yi ta bin ta da hannu, tana sake abu ɗaya tak a kowane zane don ta ga abin da zai faru. A 1968 ta fara aiki da kwamfuta ta gaske. Ta kan jera murabba'ai daidai wa daida, sa'an nan ta sa na'urar ta ɗan hargitsa kashi ɗaya cikin ɗari, don a nan ta ke ganin zane ya yi rai. Ta ci gaba da aiki har ta rasu a 2023, tana da shekara 99.

Harold Cohen ya bar buroshi

Cikin duk waɗanda suka bi wannan hanya, ba wanda ya yi nisa kamar Harold Cohen. An haife shi a Landan a 1928, ya yi karatun zane a makarantar Slade. Ya yi suna ƙwarai, har a 1966 yana cikin mutum 5 da suka wakilci Ingila a babban bikin nunin zane na birnin Venis a Italiya. Mutum ne da duniya ta riga ta yi masa kyau a sana'arsa.

A 1968, yana da shekara 40, ya tafi jami'ar Kalifoniya da ke San Diego don koyarwa. A can ya koyi rubuta wa kwamfuta umarni. Kwamfutar wannan zamani ta kan cika ɗaki. Sai ka huda katunanka, ka miƙa wa ma'aikata, ka koma ka jira. In ka kuskure harafi ɗaya, aikin ya koma farko. Abokan sana'arsa suka yi ta mamakin abin da ya kai babban mai zane ga wannan wahala.

Abin da ya kai shi tambaya ce. Yana so ya san mene ne mafi ƙarancin abin da za a zana a takarda har mutum ya duba ya ce wannan hoton wani abu ne. Me ya sa ƴan layuka uku ko huɗu su kan zama fuska a idonmu, wasu layukan kuma su zauna shirme? Ya ga cewa in ya iya koya wa na'ura zane, to ya fahimci zane. In na'urar ta kasa, to akwai abin da shi kansa bai gane ba tukuna.

A 1973 aka gayyace shi ɗakin binciken basirar na'ura na jami'ar Stanford, ya yi shekara biyu. A nan ya soma rubuta manhajar da ya sa wa suna AARON, wato Haruna a bakinmu. Ya zaɓi suna mai farawa da harafin farko don yana tsammanin zai rubuta wasu a bayanta. Ashe ita kaɗai za ta ci sauran rayuwarsa, shekara fiye da 40.

Abin da aka koya wa AARON

Ku tambayi gwanin ɗinkin babbar riga ya gaya muku yadda a ke fitar da aska takwas, da baki kawai, ba allura ba zare, kuma ga wanda bai taɓa ganin riga ba. Za ku ga gwani ya yi shiru yana nazari. Hannunsa ya san abin da bakinsa bai taɓa faɗi ba. Wannan shi ne aikin da Cohen ya ɗora wa kansa, ya fito da abin da hannu ya sani ya mai da shi ƙa'ida rubutacciya.

Bai nuna wa AARON hoto ko ɗaya ba. Ya je ya duba yadda ƙananan yara ke zane, yadda su kan soma da kacaniya, daga baya su kewaye ta da layi su ce mutum ne. Ya kuma je kwarin Chalfant a Kalifoniya ya ga zanen da mutanen da suka sassaƙa a jikin duwatsu, irin abin da mu ma muke da shi a raƙuman dawa na Dabous a ƙasar Agadas. Daga nan ya tsamo ƙa'idodinsa na farko. Akwai sifa rufaffiya, akwai buɗaɗɗiya. Akwai ciki, akwai waje. Akwai abin da aka zana, akwai filin da ke bayansa. In ka rufe sifa kada ka keta ta da wani layi. Ka nemi inda fili ya rage ka sa sabon abu. In takarda ta ƙoshi, ka tsaya.

Ko jan layi sai da ya koya masa. AARON ba ya auna layi tun daga farko har ƙarshe ya ja shi sak kamar da rula. Ya kan sa wata alama kusa a gaba, ya nufe ta, ya ɗan kauce, ya gyara, ya sake sa wata. Kamar mai tafiya cikin gona yana nufin wata bishiya, yana karkata yana dawowa. Shi ya sa layin AARON ya ke kama da na hannun mutum. A wurare da yawa kuma Cohen ya bar masa zaɓi, saboda haka ba ya maimaita zane, kuma shi kansa Cohen bai san abin da zai fito ba sai ya gani.

Kunkuru mai alƙalami

Don jama'a su ga aikin da idonsu, Cohen ya ƙera wani ɗan inji mai ƙafafun taya, wanda a ke kira kunkuru. Sai a shimfiɗa babbar takarda a ƙasa, kunkurun ya yi ta yawo a kanta da alƙalami, kwamfuta na ba shi umarni. An nuna shi a birnin Kassel na Jamus da Amsterdam na Holan a 1977, da San Francisco a 1979. Mutane suka yi ta cincirindo. Amma Cohen ya lura kunkurun su ke kallo, ba su kallon zanen, sai ya ajiye shi ya koma ga injin zane na tebur. Da irinsa ya yi nuni a gidan zane na Tate a Landan a 1983.

A wannan lokaci AARON baƙin layi kawai ya sani. Cohen ne ke ɗaukar zanen ya sa masa launi da hannu. Aikin ya rabu biyu, yaro ya ja layi, maigida ya shafa rini.

Cikin shekarun 1980 Cohen ya koya masa duwatsu, da tsire-tsire, da mutane. Nan ma ba da hoto ba. Ya rubuta masa cewa jiki yana da kai, da gangar jiki, da hannuwa, da ƙafafu, ga inda kowanne ke haɗe, ga iyakar lanƙwasar kowace gaɓa, ga yadda mutum ke tsayawa bai faɗi ba. Ya rubuta masa yadda reshe ke fita daga kututture, yana sirancewa. Abin da ba a rubuta masa ba kuwa, AARON bai san akwai shi a duniya ba.

Launi ne ya fi ba shi wuya. Cohen gwanin launi ne, amma da ido ya ke aiki, ya shafa ya duba ya gyara. Yaya za ka koya wa wanda ba shi da ido? Ya yi shekaru yana fama, har ya sake harshen da ya ke rubuta manhajar da shi. Daga bisani ya gano cewa hasken launi da duhunsa sun fi irin launin muhimmanci. In ka daidaita inda ya yi haske da inda ya yi duhu, ja ko shuɗi duk za su zauna. Ga mutumin da ya yi shekaru yana shafa fenti, sai wajen koya wa na'ura ya gane wannan sarai. A 1995, a gidan tarihin kwamfuta na birnin Boston, ya nuna wani babban inji wanda AARON ke sarrafawa, mai haɗa rini da kansa, ya shafa, ya kuma wanke kayan aikinsa.

To, sai wata matsala ta taso. Yaro ya ƙware har maigida ya rasa abin yi. AARON na iya kwana yana fitar da hotuna masu launi, da safe Cohen ya zo ya zaɓa kawai. Wannan bai gamshe shi ba. A shekarunsa na ƙarshe ya karɓe launi daga hannun AARON, ya bar masa layi, shi kuma ya koma shafawa, da fenti, daga baya da yatsa a kan wani babban allon kwamfuta. In an tambaye shi wane ne mai basirar, ba ya cewa na'urar ce, ba ya kuma cewa shi kaɗai ne. Ya kan nuna cewa basirar tana cikin kai da kawowar da ke tsakaninsu, shi ya rubuta, na'ura ta fitar, ya duba ya ga abin da bai zata ba, ya koma ya sake rubutu. Ya rasu a watan Afrilu na 2016, yana da shekara 87.

Sabuwar hanya

Kafin rasuwarsa wata hanya ta riga ta buɗe, wadda ta saɓa wa tasa. Maimakon mutum ya zauna ya rubuta ƙa'ida, sai a tara wa na'ura hotuna masu ɗimbin yawa, ita ta tsamo ƙa'idar da kanta. A 2014, a birnin Montreal na Kanada, wani ɗalibi Ian Goodfellow da abokansa suka fito da wata dabara. Aka haɗa manhaja biyu suna gasa. Ɗaya tana ƙirƙiro hoton jabu, ɗaya tana dubawa ta ce na gaske ne ko jabu. Duk lokacin da aka kama mai jabu sai ta gyara hannu. Bayan an yi haka sau dubbai, sai jabun ya yi wuyar ganewa.

Da wannan dabara wasu samari uku na Paris, masu kiran ƙungiyarsu Obvious, suka ciyar da na'ura tsofaffin zanen fuskoki 15,000, ta fito musu da fuskar wani mutum da ba a taɓa haifa ba, suka sa masa suna Edmond de Belamy. A watan Oktoba na 2018 gidan gwanjo na Christie's a Niyok ya sa hoton a kasuwa. An yi tsammanin ba zai wuce dala 10,000 ba, sai aka saye shi dala 432,500. Dalar Amurka mu ke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba, kuɗin sun haura miliyan 240 na sefa. Nan da nan aka ji cewa mafi yawan manhajar da suka yi aiki da ita wani saurayi ne ɗan shekara 19, Robbie Barrat, ya rubuta ya sa a intanet kyauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba a ma yi maganar masu zanen fuskoki 15,000 ɗin ba, don sun daɗe a ƙasa.

A 2022 abin ya fito fili ga kowa, da manhajoji irin su DALL-E 2, da Midjourney, da Stable Diffusion. Ga yadda su ke koyo. A ɗauki hoto a yi ta zuba masa ƙura kaɗan kaɗan har ya ɓace, kamar gari cikin hazon hunturu. A sa na'ura ta koyi share ƙurar mataki mataki, tana duban kalmomin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton. In ta ƙware, sai a ba ta ƙura tsantsa da kalmomi, ta yi ta sharewa har wani sabon hoto ya bayyana wanda ya dace da kalmomin. Wannan koyo yana cin hotuna ba adadi. Wani rumbu da wata ƙungiya ta Jamus mai suna LAION ta haɗa, wanda aka ɗibi na koyar da Stable Diffusion daga cikinsa, ya ƙunshi hotuna da bayanansu fiye da biliyan 5, duk an kwaso su daga intanet. A ciki akwai aikin masu zane da ke raye, waɗanda ba a tambaye su ba, ba a kuma biya su ba.

Rigima ta kai kotu

A 2022 wani mutum Jason Allen ya shigar da hoton da ya yi da Midjourney gasar zane ta bikin jihar Kolorado a Amurka, ya ci na ɗaya a rukuninsa, aka ba shi dala 300. Masu zane suka yi ca. Shi kuwa ya ce ya yi wahala, ya sake umarninsa sau 624 kafin hoton ya yi yadda ya ke so. Da ya nemi a yi masa rajistar haƙƙin mallaka, ofishin da ke kula da wannan a Amurka ya ƙi a 2023, bisa dalilin cewa abin da na'ura ta fitar ba aikin hannun mutum ba ne. A 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara a Washinton, cikin wata shari'a dabam, ta tabbatar cewa dokar ƙasar tana buƙatar mai aikin ya zama ɗan Adam.

A watan Janairu na 2023 kuma wasu masu zane uku, Sarah Andersen, da Kelly McKernan, da Karla Ortiz, suka kai ƙarar kamfanonin a San Francisco. Kukansu shi ne an koyar da na'ura da aikinsu, har mutum na iya rubuta sunan mai zane na'ura ta kwaikwayi hannunsa a banza. Kamfanonin suka ce na'urar koyo ta yi, kamar yadda kowane ɗalibi ke koyo da kallon aikin magabata. A 2024 alƙali ya yarda a ci gaba da sauraren babban ɓangaren ƙarar.

Masu ciyar da na'ura da guminsu

Kada ku ɗauka duk masu zane sun juya wa sabuwar hanya baya. Akwai waɗanda suka shige ta, amma da halin Cohen. A 2018 Anna Ridler ta Ingila ta ɗauki hoton furen tulip 10,000 da kanta a ƙasar Holan, ta rubuta bayanin kowanne da hannu, sa'an nan ta koyar da na'urarta da su. Sougwen Chung, wadda ta tashi a Kanada, tun 2015 ta ke zane a takarda ɗaya da wani hannun ƙarfe. Daga baya ta koyar da hannun da zanenta na shekara 20, har in ta ja layi ya amsa mata da irin nata salon. Mawaƙiya Holly Herndon ta koyar da wata manhaja da muryarta da ta mawaƙan da suka yarda, ta fitar da faifai a 2019. Waɗannan duk sun san abin da na'urarsu ta ci, don su suka dafa mata.

A maƙwabta ma an shiga. A farkon 2023 hotunan wani mai shirya fim na Legas, Malik Afegbua, suka zaga duniya. Tsofaffi ne maza da mata na Afirka, cikin kayan ado na ƙasaita, suna takun nunin tufafi. Ba ɗayansu da ke raye, na'ura ce ta fitar da su. Amma tunanin a ɗaukaka tsofaffi a inda aka saba ganin samari da ƴan mata, nasa ne.

Abin da ya shafe mu

Mai zanen allon shago a Maraɗi, da mai ɗaukar hoto a Tawa, da mai zana hotunan littafin yara a Yamai, duk wannan na'ura ta shigo kasuwarsu, tun da wanda ke da waya da intanet na iya samun hoto cikin minti ɗaya. Dukawan Damagaram, da masu zanen ƙwarya, da magina masu ƙawata fuskar gidajen Birni, su ma duk hoton aikinsu da ya hau intanet yana iya faɗawa rumbun koyarwa ba da saninsu ba. A gefe guda kuma hotunan ƙasarmu kaɗan ne cikin waɗannan rumbuna in an gwada da na Turai da Amurka, kuma na'urorin sun fi jin Ingilishi a kan Hausa. Saboda haka in ka nemi hoton kasuwar ƙauye, sau da yawa sai a ba ka wata Afirka ta gama-gari wadda ba ta kowa ba ce. Wanda ya san yadda a ke naɗa rawani, da yadda rumbun hatsi ya ke zaune, shi zai gane kuskuren ya gyara. Ashe ilimin gwani bai faɗi ba, shi ne ma abin da na'urar ta fi rashi.

A sana'o'inmu akwai ladabin da aka gada. Yaron da ya koyi ɗinki ko ƙira, ko ya fi maigidansa ƙwarewa, in an tambaye shi ya kan ce a hannun wane na koya. Da wannan ma'auni za ku iya auna duk hoton na'ura da ya zo gabanku. Ku tambaya wa ya koya mata, ko da yardar masu aikin aka koya, kuma me mutumin da ya sa sunansa ya ƙara daga kansa. Manyan na'urorin yau sun koya a hannun miliyoyin mutane, ba su kuwa faɗin sunan kowa.

A 2024, shekara 8 bayan rasuwar Harold Cohen, gidan zane na Whitney a Niyok ya sake kunna AARON. Injin zane ya ɗauki alƙalami ya yi ta fitar da sababbin hotuna a gaban jama'a, waɗanda shi Cohen bai taɓa gani ba. Dama ya taɓa yin raha cewa zai zama mai zane na farko da za a nuna sabon aikinsa bayan mutuwarsa. Duk wanda ya shiga ɗakin ya san a hannun wa wannan yaro ya koya, gama sunan maigidan da nasa suna rubuce tare a bakin ƙofa.